Motar zango

Motar zango babbar mota ce mai rufaffen baya, irin bas ko motar ɗaukar kaya, wadda aka gyara cikinta don matafiyi ya kwana, ya yi girki, ya kuma ajiye guzurinsa. Idan an yi nufin barin kwalta da ita, ana ƙara wa ƙasanta da ƙafafunta ƙarfi don ta iya ratsa yashi, laka da duwatsu. Motocin da aka fi mayarwa haka su ne Ford Transit, wadda ta fara fitowa a 1965, Toyota HiAce a 1967, da Mercedes-Benz Sprinter a 1995.

Tarihi

A farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara saka kayan kwana da na girki a cikin bas ɗin Volkswagen. Tun kafin nan motoci sun soma ratsa Sahara. Ayarin kamfanin Citroën na Faransa ya isa Timbuktu daga Aljeriya a watan Janairun 1923, wani ayarin kamfanin kuma ya bi ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Cadi a tafiyar 1924 zuwa 1925. A shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido da yawa sun riƙa bin hanyar Tamanrasset, Agadas da Damagaram har Kano a irin waɗannan motoci. Zirga-zirgar ta ragu a shekarun 1990 saboda yaƙin basasar Aljeriya da tawayen Abzinawa a arewacin Nijar.

Gyaran waje

Bas an ƙera ta ne domin kwalta, saboda haka cikinta yana kusa da ƙasa. Masu gyara sukan ɗan ɗaga ta, su sa tayoyi masu kaurin gefe da zane mai zurfi, sannan su ɗaura farantin ƙarfe a ƙasan inji da tankin mai. Wasu motocin suna zuwa da giyar taimako mai juya tayoyi huɗu, wasu kuwa sai an saka musu. Kayan ceto sun haɗa da shebur, jak, igiyar jan mota, safayar taya, famfon iska da allunan da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe.

Gyaran ciki

Ana cire kujerun baya, a shimfiɗa katako a daɓe, a lulluɓe bango da rufi da abin tare zafi. Daga nan kafinta da mai walda su haɗa gado, kabad da wurin risho. Wuta tana zuwa daga farantin sola da batir na biyu, wanda ake raba shi da na inji don kada fitila ko firji su cinye wutar tayar da mota. Dole a bar kafar shigar iska, domin kunna gas ko gawayi a rufaffiyar mota yana tara iska mai guba marar wari da ke kisa cikin barci.

Nauyi

Nauyi shi ne ke iyakance dukkan aikin. Yawancin waɗannan motoci ba a yarda su wuce kilo 3,500 ba, haɗe da mutane, mai da kaya. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya ci kilo 100. Mota mai nauyi tana saurin nutsewa, birkinta yana jinkiri, kuma kayan da aka jibga a rufi suna sa ta kifewa a kwana. Shi ya sa ake ajiye ruwa da batir a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

A yankin Haɗeja

Fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke malala kafin su zama Kogin Yobe, suna jawo masu kallon tsuntsaye da masu bincike. An saka dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Ƙasar yankin iri biyu ce. A kan jigayi akwai yashi mai laushi, inda direba ke rage iskar taya don ta ƙara faɗi, ya mayar da ita idan ya hau kwalta. A fadama kuwa akwai laka mai danƙo, wadda ke cika zanen taya har giyar taimako ta kasa fitar da mota. Daga Agusta zuwa Oktoba ambaliya kan yanke hanyoyin ƙauyuka, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, sai a koma kwalekwale. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta fara bushewa kuma tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna nan. Gidan sauro wajibi ne saboda zazzaɓin cizon sauro. A al'adar yankin, baƙo yakan gabatar da kansa ga mai unguwa ko dagaci kafin ya yada zango kusa da gari ko gona.