Tarihin Sienna: Motar Iyalin Amurka Da Ta Zama Motar Tasharmu

Duk wanda ke leƙa tasha a garuruwan nan da muke zaune, ko Legas ne ko Badun ko Anacha ko Fatakwal, ba sai an nuna masa mota Sienna ba. Ita ke kai mu gida idan Salla ta matso, ita ke ɗaukar 'yan rakiyar amarya, kuma da yawa daga cikin matasanmu da sitiyarinta suke ciyar da iyali. Amma in ka tambayi mutum wace Sienna ce wannan, sai ya ce maka ai Sienna Sienna ce. Alhali kuwa zubi huɗu ce, kuma abin da ke tsakanin ta farko da ta huɗu ya kai abin da ke tsakanin kaka da jika. Saboda haka duk mai niyyar zuba jarinsa a kanta, ya kamata ya san wadda yake saye, da dalilin da ya sa aka ƙera ta haka.

Kafin A Haifi Sienna

Labarin ya faro ne daga Amurka. A watan Nuwamba na 1983 kamfanin Chrysler, a ƙarƙashin shugabansa Lee Iacocca, ya fitar da Dodge Caravan da Plymouth Voyager. Mota ce mai cin mutum bakwai, mai ƙofar gefe da ake ja, amma tuƙinta kamar na ƙaramar mota, ga shi tana shiga garejin gida ba wahala. Nan da nan magidantan Amurka suka yi mata caa, sauran kamfanoni kuma kowa ya shiga neman abin da zai tare ta da shi.

Toyota ta fara kai musu wata 'yar bas daga Japan wadda direba ke zama a kan injinta, ba ta karɓu sosai ba. A 1990 sai ta kawo Previa, wadda wasunku za su tuna da ita, mai siffar ƙwai. An kwantar da injinta mai silinda huɗu a ƙarƙashin kujerun gaba, dabara ce mai kyau, sai dai wurin ya yi ƙunci, babu yadda za a yi babban inji mai silinda shida ya shiga, shi kuwa Ba'amurke shi yake so. Ga tsada kuma, domin daga Japan ake ɗauko ta. Da Toyota ta ga haka, sai ta yanke shawarar ta ƙera wa Amurkawa tasu motar a cikin ƙasarsu.

Zubi Na Farko, 1998 Zuwa 2003

A watan Agusta na 1997 Sienna ta farko ta fito daga masana'antar Toyota da ke Georgetown a jihar Kentaki. Sunan kuwa daga wani tsohon birni na ƙasar Italiya aka aro shi, wato Siena. A nan akwai abin lura. Amurkawa kan sa wa mota shekarar da ke tafe, shi ya sa wadda aka ƙera a ƙarshen 1997 ake kiranta ƙirar 1998.

Abin da Toyota ta yi ba wani abu ne mai wuya ba. Ta ɗauki ƙashin Camry ta ƙara masa tsawo, ta ɗora masa gida mai kujeru bakwai, ta sa injin V6 mai lita 3.0 a gaba inda kowane bakanike zai buɗe ya gani. Ƙarfinsa doki 194 ne, bisa ma'aunin da masu ƙera mota ke amfani da shi, kuma a 2001 aka ɗaga shi zuwa 210. Giya huɗu ce mai canza kanta, tayoyin gaba ke jan motar. A gwajin karo da cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta yi, Previa ta faɗi, ita kuwa Sienna ta sami maki mafi girma.

Wannan dangantaka da Camry ita ce ta yi mata rana a nan ƙasar daga baya, don kuwa kayan gyaransu da yawa ɗaya ne. Amma injin yana da sharaɗi: ba ya son tsohon mai. A Amurka mutane sun yi ta kukan baƙin mai na daskarewa a cikinsa kamar kwalta, har a 2002 kamfanin ya tsawaita garanti a kan wannan matsala zuwa shekara takwas. Haka nan bel ne ke juya taimin ɗinsa, kuma bel yana da wa'adi. Mai irin wannan mota da ke jinkirin juye, kansa yake cuta.

Zubi Na Biyu, 2004 Zuwa 2010

Ba a jima ba Honda ta fito da sabuwar Odyssey a ƙirar 1999, ta fi Sienna girma, kuma kujerarta ta baya na nutsewa cikin ƙasan mota. Sai Sienna ta koma 'yar ƙarama a cikin sa'o'inta. Aka ɗora wa wani injiniya Bajafane mai suna Yuji Yokoya aikin sake ta. To, shi wannan bawan Allah bai zauna a ofis yana jiran rahoto ba. Ya ce gani ya kori ji, ya hau mota ya zaga Amurka da Kanada da Meziko, tafiyar mil 53,000, wato kimanin kilomita 85,000.

Abin da ya gano a hanya shi ya zama sabuwar motar. A kan gadar kogin Misisifi ya ji yadda iska ke ture mota daga gefe, sai ya sa aka gyara zamanta a kan titi. A lungunan tsohon garin Santa Fe ya ga juyawa na ba shi wuya, sai aka rage faɗin filin da take bukata kafin ta juya. Ya lura Amurkawa a cikin mota suke ci suke sha saboda nisan tafiya, sai aka cika ta da wuraren ajiye kofi. Ya kuma tsaya a bakin manyan shagunan kayan gini yana kallon magidanta na fama da falankin katako mai ƙafa huɗu da takwas, sai ya sa aka faɗaɗa cikinta har falankin ya kwanta a rufe ƙofa.

Daga 2003 aka mai da ƙirarta Princeton a jihar Indiyana. Ta ƙara tsawo da faɗi, aka sami mai kujeru takwas, kujerun baya na ninkewa su shige ƙasa, gilashin ƙofofin gefe kuma na sauka. Injin ya koma lita 3.3 da giya biyar. A 2007 aka sake shi da mai lita 3.5, doki 266, wanda sarƙa ke juya taimin ɗinsa maimakon bel. Ka ga ke nan motoci biyu na iya zama fuska ɗaya, amma abin da ke cikinsu daban. A wannan zubin ne kuma aka fara yin mai ja da tayoyi huɗu saboda ƙasashen ƙanƙara. Ita wannan ba ta zuwa da safaya, an ba ta tayoyi ne na musamman masu iya tafiya kaɗan ko da sun yi faci. Wanda ya saye ta bai duba ba, ranar da taya ta fashe masa tsakanin Jebba da Mokwa zai gane.

Yadda Ta Shigo Tasharmu

Manyanmu sun san zamanin Peugeot, wato Fijo 504 mai dogon baya, wadda ta riƙe tashoshin ƙasar nan shekara da shekaru, tun bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motoci ta Kaduna a 1975. Da darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka, sai aka koma tokumbo, ana sauke su a Apapa da Tin Can, wasu kuma ta Kwatano, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga Janairun 2017.

A cikin wannan ambaliya Sienna ta sami gurbi, kuma da dalili. Na farko, sitiyarinta a hagu yake, ya dace da hannun da muke bi tun da Nijeriya ta canza a watan Afrilu na 1972. Na biyu, magidancin Amurka kan sayar da ita da zarar yara sun girma, alhali injin da sauran ƙarfinsa. Na uku, kayan gyaranta na nan jibge a Ladipo da sauran kasuwanni. Ga fasinja kuma ya sami wurin miƙe ƙafa da sanyin iya-kwandishan, kuma ba a daɗe ana jiran ta cika kamar babbar bas.

Sai dai mu tuna, Yokoya ya auna ta ne da uba da uwa da yara da jakunkunansu. Bai auna ta da mutum goma da buhunan albasa a but da wasu a kan rufi ba. Sifirin da birki da giya duk an yi su ne daidai wani nauyi, in aka wuce shi kuwa, kowa ya san inda ake kwana. Akwai kuma maganar tsatsa. A jihohin Amurka masu sanyi gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe, har a 2010 kamfanin ya kira Sienna wajen 600,000 don a duba wayar da ke riƙe safaya a ƙarƙashinsu. Mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙasan mota, kada fenti ya ruɗe shi.

Zubi Na Uku, 2011 Zuwa 2020

An nuna ta a bikin baje kolin motoci na Los Anjalis a Disambar 2009, kuma ita ce ta fi daɗewa, shekara goma cur. A lokacin kasuwar irin wannan mota ta fara ja baya a Amurka. A shekarar 2000 an sayar da sama da miliyan ɗaya, amma daga baya mutane suka karkata ga jif, har Ford da General Motors suka daina yin irinta. Don haka Toyota ta mai da hankali ga kyan fuska da jin daɗin zama, har da kujerun tsakiya masu matashin ƙafa a cikin masu tsadar.

Ta ɓangaren inji, an gwada ƙarami mai silinda huɗu, lita 2.7, amma shekara biyu kawai ya yi aka janye shi, don ya yi wa motar kaɗan kuma bai rage shan mai sosai ba. V6 mai lita 3.5 ya ci gaba da giya shida. A 2017 aka kawo sabonsa mai doki 296 da giya takwas, a 2018 kuma aka sa wa kowace na'urar da ke hango karo ta taka birki da kanta. Daga nan gyaran Sienna ya fara fin ƙarfin sifana da guduma, sai an haɗa da kwamfuta.

Zubi Na Huɗu, Daga 2021

A watan Mayu na 2020 Toyota ta nuna ta huɗu, ta kuma yi abin da ba a zata ba: ta jefar da V6 gaba ɗaya. Duk Sienna ta wannan zubi injin fetur ne mai silinda huɗu, lita 2.5, haɗe da injin lantarki da babban batir, ƙarfinsu a haɗe doki 245. Ba a jona ta a wuta, da kanta take cajin batirin idan tana tafiya ko ana taka birki. Bisa awon hukumar Amurka, lita ɗaya na kai ta kimanin kilomita 15, ta uku kuwa kimanin 9. Duk direban da ya ɗanɗana kuɗin mai tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba sai an yi masa lissafi ba. Amma kujerunta na tsakiya ba a yi su don a riƙa cirewa ba, wannan kuwa ragi ne ga mai ɗaukar kaya. Tun 2021 kuma ana ƙera ta a ƙasar Sin ban da Indiyana.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tokumbo kan iso mana ne bayan ta yi shekaru a can, garantin batirin nan kuwa a Amurka shekara 10 ne ko mil 150,000. Wato lokacin da za ta yi arahar da ɗan tasha zai iya saye, batirin ya fara tsufa. Iska ce ke sanyaya shi, ƙurar hunturu kuma na toshe matatar iskar. Wutar da ke cikinsa ma tana iya kashe wanda ya taɓa ba da sani ba. Yaranmu da ke koyon kanikanci a gareji, idan iliminsu ya tsaya a kan V6, to nan gaba kaɗan motar za ta shigo su tsaya suna kallonta. Iyaye da masu gareji su fara tura su koyon wayarin da na'urar bincike tun yanzu, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Daga ƙarshe, ga 'yar dabara ga mai saye. Da yake yanzu akwai gwanayen canza wa tsohuwar mota fitila da bamba ta koma kamar ta bana, kada ka tsaya ga fuska ko bakin dillali. Dubi lambar shasi da ke jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba, guda 17 ce. Ta goma ita ke faɗin shekara: W na nufin 1998, 4 na nufin 2004, 7 na nufin 2007, B na nufin 2011, M kuwa 2021. Ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da ta takardun kwastan, in sun saɓa ka riƙe kuɗinka.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.