Allon Warkarwa da Yaron da Ya Ce Ba Ya Son Magani

Wanda ya ratsa manyan garuruwan Najeriya ya saba ganin allunan coci masu gayyatar marasa lafiya zuwa taron addu'ar warkarwa. A ƙasar Gwandu, inda kusan kowa Musulmi ne, abin da ya fi cika ido shi ne allunan masu ruƙiyya da shagunan maganin Musulunci, ga kuma lasifikar mai maganin gargajiya ranar kasuwa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi waraka wajen Ubangijinsa. Damuwata tana kan yaro ɗan shekara 15 daga Dodoru da aka kai asibitin Kalgo ko asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, jininsa ya ƙare saboda sikila ko zazzaɓin cizon sauro, ya buɗe baki da kansa ya ce ba za a ƙara masa jini ba, domin abin da ya taso yana ji ya gaya masa addu'a kaɗai ta isa. Maganar wa za a ɗauka?

Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci biyu da suka shafi wannan batu, dukansu a kan mabiya Shaidun Jehobah, waɗanda aƙidarsu ta hana ƙarin jini. A shari'ar Okonkwo ta 2001, wata baliga ta ƙi jini har ta rasu, kotu kuma ta wanke likitan da ya mutunta ƙin nata, bisa 'yancin sirri da na addini da ke sashe na 37 da 38 na kundin tsarin mulki. A shari'ar Esabunor da Faweya kuwa, jariri ne ɗan kimanin wata guda a wani asibitin Legas a 1997. Uwarsa ta hana, majistare ya ba da umarni, aka ƙara masa jini ya rayu. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, ta ce aƙidar iyaye ba ta rinjayi ran yaron da bai iya zaɓa wa kansa ba.

Ke nan an san hukuncin jariri, an san na baligi. Matashin da ke tsakani shi ne mai wuyar sha'ani. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta kira duk wanda bai kai 18 ba yaro, ta kuma sa maslaharsa gaba da komai. A Ingila, shari'ar Gillick ta 1985 ta yarda cewa yaro mai cikakkiyar fahimta zai iya amincewa da magani da kansa, amma hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun nuna ƙin nasa ba ya ɗaure hannun kotu idan rai na cikin haɗari. Akwai wani ɗan shekara 15 mai sankarar jini da kotu ta sa aka ƙara masa jini. Da ya cika 18 ya sake ƙi, aka ƙyale shi, ya rasu. Masu goyon bayan 'yancin matashi suna kafa hujja da shi, suna cewa ashe da gaske yake tun farko. Hujjar tana da nauyi. Sai dai shekarun da aka ƙara masa su ne suka ba shi damar yanke hukuncin a matsayin mutum mai cin gashin kansa, kuma wannan damar ita ake kare wa yaro.

Fikihun Malikiyya da Shehu Abdullahi na Gwandu ya karantar yana da abin faɗa a nan. Malamai ba sa miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai. Sai an jarraba shi an ga rushdi, wato iya lura da abin da zai amfane shi. Idan gona da shanu sun cancanci wannan tsantseni, rai ya fi su cancanta. Matashin da iyayensa da limaminsa ko fastonsa ke tsaye a bakin gado, yaya za a rarrabe muryarsa daga tasu? A tarbiyyarmu, yaro mai kunya ba ya musa wa babba a gaban mutane.

Wannan bai ba likita lasisin yin gaban kansa ba. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma ɗacin abin na cikin abubuwan da suka ciyar da ƙin rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka a keɓe da matashin, a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, a ji abin da yake tsoro. Idan jinyar tana iya jira, ko akwai wata hanya, a bi zaɓinsa. Idan kuwa jinkiri na nufin mutuwa, a nemi umarnin kotu cikin gaggawa kamar yadda aka yi a Legas, a ceci ransa, ko da allon da ya rinjaye shi na coci ne ko na mai ruƙiyya.