Turba da Gwadabe: Tarihin Tafiyar Ƙasa Tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi

Yankin da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, inda garin Jangeru yake, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa da fadamu, wadda gulbin Gagare da na Bunsuru suka ratsa kafin ruwansu ya haɗe ya zama Rima, kuma duwatsu ɗaiɗai ne suke katse shimfiɗarta nan da can. Daga Gusau, babban birnin jihar Zamfara, zuwa Ƙaura tafiyar kimanin kilomita 60 ce, saboda haka mazaunin birnin da yake son ya bar hayaniya ya taka ƙasa cikin inuwar tsamiya da kuka da gawo ba ya buƙatar doguwar tafiya a mota. Sai dai hanyoyin da zai taka ba don shaƙatawa aka fitar da su ba, domin sawun manoma da makiyaya da fatake ne ya share su, kuma a kowane zamani zaman lafiya ne yake buɗe su, rashinsa ya rufe su.

Hausawa sun bambanta hanyoyinsu gwargwadon masu binsu. Turba ita ce siririyar hanyar ƙafa da ke fita daga ƙofar gari zuwa gona ko rijiya ko ƙauyen maƙwabta, burtali kuwa hanya ce da ake bari tsakanin gonaki, a shinge ta gefe da gefe, domin shanu su wuce mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba, sa'an nan gwadabe shi ne babbar hanya mai haɗa birni da birni. A kan gwadabe ne ayarin fatake yake tafiya ƙarƙashin madugu, wato shugaban ayari, tare da jagaba mai shiga gaba don sanin hanya, kuma tsawon tafiya da zango ake auna shi, wato masaukin da ayari yake kwana bayan yinin tafiya. Fita don nishaɗi zalla tana nan, amma akasari ta masu dawaki ce, ita ce kilisa, wato fitar da doki bayan gari da yamma don ya motsa jiki, mai shi kuma ya sha iska. Talaka da ya yini yana taka ƙasa tsakanin gida da gona bai ɗauki tafiya a matsayin hutu ba.

Wuraren da suka fi cancantar a taka zuwa gare su a yau su ne kufan tsofaffin birane. Dutsi, a ƙasar Zurmi, shi ne labarin baka yake cewa mazaunin farko na sarakunan Zamfara, kuma ana nuna wasu dogayen kaburbura a can ana danganta su ga sarakunan farko. Daga baya sarauta ta koma Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yanzu, har Sarkin Gobir Babari ya ci birnin a wajejen 1762 ya kafa Alƙalawa, sarakunan Zamfara kuma suka yi ta ƙaura, suka zauna Kiyawa na wani lokaci kafin su ƙare a Anka. Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, kuma cikin jagororin wannan yaƙi akwai Namoda, Bafulatani daga Alibawa, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa, wanda kuma ya rasu a yaƙin Kiyawa a wajejen 1810.

Bayanin da ya fi fito da yanayin waɗannan hanyoyi a ƙarni na 19 ya zo ne daga matafiya biyu Turawa. Hugh Clapperton, wanda aka kira Abdullahi, ya biyo ta Zurmi a 1824 daga Kano zuwa Sakkwato, kuma bai ratsa dajin Gundumi ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa da mahaya 'yan rakiya. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina a watan Maris na 1853 cikin ayarin Galadiman Sakkwato, ya bi ta Zurmi da Dutsi, inda ya lura da yadda gidaje suka watsu a tsakanin duwatsu, ya iso Badarawa, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi, ya tarar da kasuwa cike maƙil da jama'a, auduga ce kan gaba cikin hajarta. Wannan albarka tana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da tsoro, domin Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi, waɗanda ba su miƙa wuya ga Sakkwato ba, suna kawo hari a kan hanyar, shi ya sa ayarin ya ratsa Gundumi cikin tafiyar kusan sa'o'i 26 ba tare da yada zango ba. Mai karanta wannan labari zai gane cewa kyan ƙasar bai taɓa zama abin tambaya ba, abin da matafiyi yake tambaya kafin ya fita shi ne ko hanya tana da lafiya.

Ƙarni na 20 ya sauya lissafin. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, jakuna da raƙuma suka koma kai kaya tasha maimakon dogon fatauci, daga baya kuma manyan motoci suka karɓe ko wannan ɗin. Da gwadabe ya koma titin mota, aka kuma sami ma'aikata da ɗalibai masu ranar hutu, musamman bayan kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura a 1983, sai fita bayan gari da yamma zuwa bakin gulbi ko lambunan rani ta zama abin da mai ƙafa ma yake yi don jin daɗi. Zamfara ta zama jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, wanda ya shahara da tsohuwar al'adar hawansa don kamun maiki, ya shiga cikin wuraren da hukuma take ambata duk lokacin da aka yi maganar yawon buɗe ido.

A Ingila, inda tafiyar ƙasa a karkara ta zama al'adar mazauna birane, shingen masu filaye ne ya tare hanya, har jama'a suka yi gangamin ƙetare iyaka a tudun Kinder Scout a 1932. A ƙasar Hausa ba a san wannan matsala ba, domin turba ta kowa ce, baƙo kuma yana ratsa gefen gonar da ba tasa ba da sallama kawai. Abin da ya rufe hanyoyin arewacin Zamfara shi ne ta'asar 'yan bindiga, wadda ta tsananta tun daga wajejen 2011, ta mayar da dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu maɓoya, har gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya a watan Satumba na 2021. Rakiya ta dawo, sai dai yanzu motocin sojoji ne a gaban jerin motocin haya, dajin Gundumi kuma ya sake zama wurin da matafiya suke gudu. Masu tsara yawon buɗe ido da suke fara lissafi daga masaukin baƙi da allunan nuna hanya sun fara ne daga inda ya kamata a ƙare, domin ba mai fitowa daga Gusau don ganin kaburburan Dutsi alhali manomin Jangeru bai iya kaiwa gonarsa ta nesa da gari ba.