Zanen da ke Motsi: Daga Inuwar Fitila Zuwa Kwaɗin Mustafa Alasan



Ran ƙaramar sallar da ta wuce ina zaune a ƙofar gidana a Gafati, sai na ga jikokina uku sun haɗa kai a kan salula guda. Ko goron sallarsu ba su tsaya ƙirgawa ba. Na ce musu, "Me kuke kallo haka?" Babbansu ya ce, "Kaka, desan anime ne." Na leƙa. Sai na ga waɗansu dodanni na ƙarfe suna harbin juna da wuta, ga ƙara kamar ana sassaƙa turmi. Babu mai dariya a cikin yaran. Nan take na tuna da namu na dā, wanda muka kalla muna yara. Shi ya sa na ce bari in ba ku tarihin wannan abu, wanda mutanen Najeriya ke kira katun, mu kuma a Hausance za mu ce zane mai motsi.

Kafin telebijin

Mu da muka tashi a ƙauye, silimarmu ta farko ita ce bakin tsohuwa. In an ci tuwon dare, sai mu kewaye kakarmu. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, da kura mai kwaɗayi, da dila malamin daji. Ba mu ga hoton kowa ba, amma kowane yaro ya san kamannin Gizo a cikin kansa.

Akwai kuma wasan inuwa. Yaro ya tsaya tsakanin fitilar aci-balbal da bango, ya lanƙwasa yatsu, sai ga zomo yana kaɗa kunne, ko kare yana buɗe baki. In azumi ya kai kwana goma kuwa, sai tashe. Yara su sa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su kwaikwayi tsoho ko malami ko mai ƙaton tumbi. Wanda ake kwaikwayo ya yi dariya, har ya ba da hatsi. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, tatsuniya da inuwa da tashe, don za mu sake gamuwa da su a gaba.

Sallah a Damagaram

Telebijin ta shigo Nijar a 1964. Da farko ta lakwal ce, ana koya wa yara karatu da ita. Sai a 1979 aka buɗe Tele Sahel, ta kowa da kowa. A zamanin Shugaba Seyni Kunce an rarraba akwatunan kallo a garuruwa da yawa, waɗansu da hasken rana suke aiki, jama'a su taru da dare a dandali su kalla.

Ni dai a birnin Damagaram na fara ganinta, ina da shekara wajen goma. Kowace sallah babanmu yakan kai mu birni gidan ƙanensa a unguwar Zango. Mu tashi da asuba a amalanke, da sababbin riguna a ƙulle cikin ɗankwali don kada ƙura ta ɓata su. Da rana mu je ƙofar fada kallon hawan Sarkin Damagaram, mu ga dawaki da dogarai da masu kakaki. Mu bi gidaje yawon sallah, wannan ya ba mu dala, wancan ya ba mu dala biyu.

Da maraice sai babban abin. Wani maƙwabcin baffanmu yana da telebijin. A lokacin ba yini ake yi ana nunawa ba, sai rana ta yi sanyi ake buɗe tasha. Mai gidan yakan fito da akwatin tsakar gida, ya ɗora a kan tebur, ya cire ƙyallen da aka lulluɓe shi da shi. Yaran unguwa kaf mu zauna a ƙasa, ƙanana a gaba, manya a baya. Mata su tsaya daga bakin ƙofa da goyo.

Abin da na fara gani shi ne kyanwa tana bin ɓera. Ɓeran ya shige rami, kyanwar ta buga kai da bango, ta baje kamar waina, sa'an nan ta miƙe ta karkaɗe jiki ta ci gaba. Muka yi ta dariya har da hawaye. Ƙanena ya zaga bayan akwatin wai zai ga inda ɓeran ya fita. Daga baya na ji sunansu Tom da Jerry, kuma a Amurka aka fara zana su, a 1940.

Abu biyu suka sa muka so su. Na ɗaya, kusan ba a magana a ciki. Mu da ba mu jin Faransanci, mun gane kome daga farko har ƙarshe. Na biyu, babu mai mutuwa, babu jini. Ƙarami yana cin babba da wayo, kamar yadda Gizo ke yi wa kura. In an gama, yaro ya je ya kwanta bai ji tsoron duhu ba.

Yaya zane yake motsi?

Mun daɗe muna gardama a kan wannan. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙananan dabbobi ne aka horar. Ashe dabara ce da haƙuri.

Mai zane yakan zana kwaɗo a zaune. A takarda ta biyu ya zana shi ya ɗan ɗaga ƙafa. A ta uku ya ɗaga fiye da haka. Haka har kwaɗon ya yi tsalle ya dira. Sai a ɗauki hoton kowace takarda ɗaya bayan ɗaya. In an zo nunawa, injin silima yana wuce da hoto 24 a cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya iya rarrabe su saboda sauri, sai ya ga kamar kwaɗon ne ke tsalle da kansa.

Ku yi lissafi da ni. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne. Minti 5 daƙiƙa 300 ke nan. In ka ninka 300 sau 24, za ka sami hoto 7,200. Masu zane sukan rage wahala su nuna kowane zane sau biyu, amma duk da haka sai an zana 3,600. Wannan duk don dariyar minti biyar. Manomi ya san irin wannan aiki, don shi ma rami ɗaya-ɗaya yake shuka har gona ta cika.

Wani Bafaranshe mai suna Emil Kol yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Ya nuna zanensa a birnin Paris a 1908. A 1928 kuma aka fito da ɓeran nan Mickey Mouse a Amurka, da sauti da kiɗa.

Ɗan Nijar da kwaɗinsa

Abin da ban sani ba ina yaro shi ne, a ƙasarmu ma akwai gwanin wannan aiki. Sunansa Mustafa Alasan. An haife shi a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai. Tun yana yaro yake wasan inuwa irin namu, amma shi bai tsaya ga yatsu ba. Yakan yi zane, ya sa fitila a baya, ya haska wa mutanen garinsu hoton su kalla. Da ya girma ya yi aikin kanikanci. A Yamai ya gamu da Jan Rush, wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, wanda ya ga basirarsa ya taimake shi. Daga nan ya tafi Kanada, ya ƙaro sani wurin wani shahararren mai zane, Norman Maklaran.

Mustafa bai dawo yana zana mana kyanwar Amurka ba. Kwaɗi ya zaɓa, irin waɗanda ke cika mana kunne a bakin tabki da damina. A 1965 ya yi "La Mort de Gandji", wato mutuwar Ganji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi. A 1966 ya yi "Bon voyage Sim", wato Sim, a sauka lafiya. Tsawonsa minti 5 ne, zane baƙi da fari. Sim shi ne shugaban jamhuriyar kwaɗi. Aka gayyace shi ziyara wata ƙasa, ya hau jirgin sama, aka tarye shi da fareti da bikin girma.

Ku duba shekarar. Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, shekara shida ke nan kafin wannan zane. A lokacin sababbin shugabannin Afirka suna ta kai wa juna ziyara da jiniya da jerin motoci. Mustafa bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba. Kwaɗo kawai ya zana yana taƙama, mai hankali ya gane. Wannan shi ne tashe a kan takarda.

Bayan zane, ya koma ga ƴan tsana. Yakan ɗinka su da hannunsa, ya motsa su kaɗan, ya ɗauki hoto, ya sake motsawa. Da su ya yi "Samba le grand" a 1977, mai launi, labarin wani jarumi da ya nemi auren ƴar sarki, ita kuwa ta ɗora masa ayyuka masu wuya. Ya kuma yi "Kokoa", wato kokowa. Kun san yadda muke son wannan wasa, tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975. A filin Mustafa dabbobi ne ke kamawa, har da kwaɗo da hawainiya, ga ƴan kallo suna sowa.

Ya yi shekaru yana shugabantar sashen silima a jami'ar Yamai. Daga baya ya zauna a Tawa, ya ci gaba da aikinsa, har ya koyi zane da kwamfuta da tsufansa. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris, 2015. Allah ya jiƙansa. A 2017 wani babban gidan adana zane-zane na birnin Niyok, a Amurka, ya shirya kwanaki na musamman don nuna finafinansa.

Abin da ya rage gare mu

Ga abin da ke damuna. Ni kaina sai da na yi furfura na ga Sim, a kwamfutar wani mushen lakwal. Mutanen Amurka sun sayi tikiti sun kalli kwaɗin Nijar, amma jikokina a Gafati ba su taɓa jin sunan Mustafa ba. Tatsuniya ma ta yi ƙaranci, don yanzu in an ci tuwo kowa salula yake nema. Dā akwati ɗaya ne ya tara yaran unguwa, babba yana gani, in abin bai dace ba ya rufe. Yau yaro yakan shige lungu shi kaɗai, ba ka san abin da ya gani ba.

Ba na cewa a fasa salula. Cikinta ma ana samun finafinan Mustafa, in an sa wanda ya iya ya nemo. Abin da nake roƙo shi ne, uba ya zauna ya ga abin da ɗansa ke kallo, kaka kuma kada ta yi shiru da dare.

Ran nan da na ga jikokina, sai na aiki babbansu ya kawo mini tsohon littafinsa na lakwal da fensir. A gefen shafi na ƙarshe na zana kwaɗo a zaune. A na gabansa na ɗaga masa ƙafa. Muka yi shafi 20, su ma suna taya ni. Na kama gefen littafin da babban yatsa na sake shi shar. Kwaɗo ya yi tsalle. Ƙaramarsu ta yi ihu ta ce, "Kaka, sake!" Na sake har sau goma, yatsana ya gaji.

Ku ma ku gwada. Hannun da ya koyi riƙe alƙalami zai iya zana kwaɗo. Allah ya maimaita mana sallah lafiya.