Yajin Aikin Ma'aikatan Cikin Jirgin Sama da Rikicin Goyon Bayan Ƙungiya: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Ƙasar Borno ta daɗe da sanin jirgin sama. Tun a shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, wadda ke yada zango a Maiduguri. Daga baya maniyyata daga Dusuman da sauran garuruwan Jere suka riƙa tashi ta filin jirgin Maiduguri zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Duk da wannan daɗaɗɗiyar alaƙa, ba kasafai muke tunawa da ma'aikatan cikin jirgi ba, domin mun ɗauke su masu rabon abinci da shayi kawai. Alhali kuwa babban aikinsu shi ne tsare rayukan fasinjoji, kamar kashe gobara da fitar da jama'a cikin gaggawa idan hatsari ya auku. A ƙasashe da dama doka ta wajabta a sami aƙalla ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, in ba haka ba jirgi ba zai tashi ba. Wannan doka ita ce ƙarfinsu a lokacin yajin aiki. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ƙarfin nan ba ya amfani sai da goyon bayan abokan aiki.

Darasi daga Ingila

A shekarar 1989 wasu ma'aikatan cikin jirgi na kamfanin British Airways suka ɓalle daga ƙungiyarsu ta BASSA, suka kafa wata mai suna Cabin Crew 89. Da kamfanin ya kawo sabon tsarin albashi a 1997, ƙarƙashin shugabancin Bob Ayling, sai sabuwar ƙungiyar ta amince, BASSA kuwa ta kira yajin aiki na kwana 3 a watan Yuli. Kamfanin ya yi barazanar kora, saboda haka 'yan ɗaruruwa ne suka fito fili suka yi yajin, amma kimanin 2,000 suka aiko da saƙon rashin lafiya. Asarar kamfanin ta kai fam miliyan 125, kuma Ayling ya bar kujerarsa a shekarar 2000.

Rikicin ya sake tasowa a ƙarshen 2009, lokacin da kamfanin, ƙarƙashin Willie Walsh, ya rage yawan ma'aikata a jiragen dogon zango. A wannan karo ɓangarorin biyu suna ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya, wato Unite. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a sun zaɓi yajin aiki, amma kotu ta hana wanda aka shirya yi a lokacin Kirsimeti. An fara shi ranar 20 ga Maris, 2010, aka kuma yi kwana 22 jimilla kafin tsakiyar shekarar.

A nan ne batun goyon baya ya zama abin taƙaddama. Kamfanin ya nemi sauran ma'aikatansa su karɓi horo na ɗan lokaci domin su maye gurbin masu yajin, kuma matuƙa jirgi da yawa suka amsa kiran. Ƙungiyar matuƙan, BALPA, ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce. Masu yajin sun ɗauki wannan a matsayin cin amana. Su kuwa matuƙan suna da hujjarsu: kamfanin ya yi asarar fam miliyan 531 a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2010, sun riga sun amince da ragin nasu albashin, kuma suna tsoron durƙushewar kamfanin baki ɗaya. Hatta Firayim Minista Gordon Brown, wanda jam'iyyarsa ta Leba ke samun tallafin kuɗi mai yawa daga Unite, ya soki yajin. An sasanta a watan Yuni na 2011, aka mayar wa ma'aikata rangwamen tikitin da aka ƙwace musu. Sai dai kamfanin ya riga ya kafa sabon rukunin ma'aikata masu ƙaramin albashi, waɗanda su ma suka shiga nasu dogon yajin a 2017. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

A ƙasarmu doka ce da kanta ta tsaga bangon. Dokar soja mai lamba 22 ta 1978, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, ta haɗe ƙungiyoyin ma'aikata zuwa 42 ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta kuma ware ƙungiyoyin manyan ma'aikata daban. Sakamakon haka, mutanen da ke aiki a jirgi ɗaya suka rabu: akwai NUATE ta ƙananan ma'aikata, da ATSSSAN ta manya, da NAAPE ta matuƙa da injiniyoyi.

Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina aiki a 2003, gwamnati kuma ta rushe shi. Dubban ma'aikatansa suka shiga jiran haƙƙinsu na sallama da fansho, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. A 2018 ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki naira biliyan 22.68 domin biyan wani kaso. A nan babu maganar yajin aiki, domin wanda kamfaninsa ya mutu ba shi da aikin da zai ajiye. Abin da ya rage masa shi ne ƙungiyar da ba za ta manta da shi ba.

Misalin kamfanin Arik Air kuwa ya nuna ɗaya fuskar. A watan Disamba na 2016 ƙungiyoyin nan uku suka haɗa kai a kan bashin albashi, suka tsayar da jiragen kamfanin cak. Ba a ɗauki lokaci ba hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta shiga tsakani, aka janye yajin. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2017 hukumar AMCON ta karɓe ragamar kamfanin saboda tarin bashi. Ashe haɗin kai yana iya tilasta wa mai kamfani ya zauna a teburin sulhu, amma ba ya iya cika asusun da ya riga ya ƙafe.

Kammalawa

Idan muka dubi waɗannan misalai za mu ga cewa ba a saurin raba gardama a irin wannan rikici. Matuƙin da ya ƙi mara baya yana kare abincin iyalinsa, fasinjan da ya kwana a filin jirgi shi ma yana da haƙƙi. Amma tarihi ya nuna cewa duk lokacin da ma'aikata suka bari sai yaji ya fara sannan su nemi juna, to, mai kamfani ya riga su shiri. Goyon baya abu ne da ake ƙullawa tun lokacin zaman lafiya, ta hanyar tattaunawa tsakanin matuƙi da injiniya da ma'aikaciyar cikin jirgi. Wannan darasi bai tsaya ga sufurin sama ba. Mu ma a jami'o'inmu, inda ASUU da SSANU da NASU kowace ke kiran nata yajin a lokacinta, ya kamata mu yi nazarinsa da idon basira, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.