Ƙaramar kwamfuta, kwamfutar hannu ko babbar waya: wacce ta dace da mai aiki a kan hanya a Kudancin Kaduna?

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, gari ne da ya bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga shekarar 1927, kuma har yau mazaunansa ba sa rabuwa da hanya. Ɗalibai na zirga-zirga tsakanin garin da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, masu sayen citta na bin kasuwannin Kwoi da Kachia, ma'aikatan lafiya da malaman gona kuma na shiga ƙauyukan Kagoro, Zonkwa da Manchok a kan babur. Da yawa daga cikinsu na buƙatar na'urar da za ta shiga jaka, ta yi aiki inda babu wuta, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin aljihu ba. Na'urori uku ne ke gaban mai irin wannan buƙata: ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai araha, kwamfutar hannu wadda ake latsa fuskarta da yatsa, da kuma babbar waya.

Asalin ƙaramar kwamfuta mai araha

Irin kwamfutar da aka fi sani da sunan netbook ta shigo kasuwa ne a ƙarshen 2007, lokacin da kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC. Faɗin fuskarta inci 7 ne, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, ma'adanarta gigabait 4 kacal, kuma an sayar da ita a kan kimanin dalar Amurka 400. Tunanin ya samo tushe daga shirin samar wa kowane yaro kwamfuta da Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, wanda aka gwada a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Cikin shekara guda Acer, HP da Dell suka biyo baya da nasu, akasarinsu masu fuskar inci 9 zuwa 10 da injin Intel Atom.

Kasuwarsu ba ta yi tsawon rai ba. Apple ya fito da iPad a 2010, wayoyin Android suka ƙara girma da ƙarfi, zuwa farkon 2013 kuwa Asus da Acer sun daina ƙera wannan nau'i. Abin da ya gaje su a yau shi ne ƙananan kwamfutoci masu fuskar inci 11 zuwa 12 da injin Celeron, irin su HP Stream, tare da Chromebook mai aiki da tsarin Google.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin tsofaffin netbook ɗin na nan suna yawo a shagunan kayan hannu, kuma arharsu na jan hankali. Akasarinsu na da gigabait 1 ko 2 na ƙwaƙwalwar aiki, kuma an yi su ne don Windows XP ko Windows 7, waɗanda Microsoft ya daina kula da tsaronsu a 2014 da 2020. Manhajar Chrome ma ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023. Wanda ya sayi irin wannan don cike fom a shafin makaranta ko na banki, ya sayi abin da zai yi ta tsayawa a tsakiyar aiki. Amfanin da ya rage musu shi ne koyon buga rubutu, ko kuma a ɗora musu wani tsarin Linux mara nauyi, idan akwai wanda ya iya.

Wuta ce ke yanke hukunci

Masu talla sun fi son magana a kan saurin inji da yawan kyamara. Ga mazaunin yankin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ko ƙauyen da babu ita gaba ɗaya, tambaya ta farko ita ce: nawa na'urar ke ci, kuma da me za a yi mata caji?

Lissafin ba shi da wuya. Batirin wayar da aka rubuta masa mAh 5,000, wanda shi ne aka fi samu a wayoyin Tecno, Infinix, itel da Samsung masu matsakaicin kuɗi, yana ɗaukar wutar da ta kai kimanin wat-awa 19. Na kwamfutar hannu mai mAh 7,000 yana kusa da wat-awa 27. Ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa batirinta kan kama daga wat-awa 35 zuwa 45. Pawa banki mai mAh 20,000 yana riƙe da kusan wat-awa 74 a rubuce, amma wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, don haka abin da ke isa ga na'ura bai cika wuce wat-awa 50 zuwa 55 ba. Ke nan zai cika waya sau biyu da ɗoriya, kwamfutar hannu kusan sau biyu, ƙaramar kwamfuta kuma sau ɗaya, in ma tana karɓa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda mutane da yawa ke tafka asara. Waya da kwamfutar hannu suna caji da kowace igiyar USB, a shagon mai caji, a cikin mota, ko daga ƙaramin faifan sola. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu araha kuwa suna da cajarsu ta musamman mai zagayayyen baki, wadda sai an samu wutar gida ko janareta ko inbata. Waɗanda ke caji ta ramin USB-C ne kawai za a iya haɗawa da pawa banki, shi ma sai wanda ke fitar da wuta mai ƙarfi, wat 30 zuwa 45 ko sama. Kuma ba kowane ramin USB-C ne ke karɓar caji ba, akwai wanda na musayar bayanai ne kawai. Ya kamata a gwada a gaban mai shago kafin a biya. A nan Chromebook ya yi zarra, domin kusan duk na shekarun baya-bayan nan da USB-C suke caji, kuma batirinsu kan kai awa takwas zuwa goma idan sabo ne.

Wane aiki za a yi da ita?

Idan aikin cike fom ne, ɗaukar hoto da tura rahoto daga ƙauye, to waya ko kwamfutar hannu sun wadatar, har ma sun fi. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboCollect da ODK, waɗanda ƙungiyoyin agaji da na lafiya ke amfani da su, an yi su ne don Android. Suna adana bayani ko da babu sabis, su tura shi idan an iso inda akwai. Na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da ita a zaɓen gwamnan Anambra na 2021 da babban zaɓen 2023 ita ma kwamfutar hannu ce mai tsarin Android, haka nan da yawa daga na'urorin POS da ke kowace kwana a Kafanchan. Ba banza aka zaɓe su ba: suna da wurin saka layin waya, suna gane wurin da mutum yake, kuma ana iya amfani da su a tsaye da hannu ɗaya. Ƙaramar kwamfuta ba ta da wurin layi in ban da ƙalilan, sai dai ta ari intanet daga waya, wanda ke nufin batir biyu ne ke ƙonewa a lokaci guda.

Amma da zarar aiki ya koma rubutu mai tsawo, lamarin ya juya. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, sakataren ƙungiyar manoma da ke riƙe da jadawalin mambobi da bashin taki, malamin da ke shirya tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, duk suna buƙatar madannai na gaske da fuskar da za ta nuna shafi a buɗe. Ana iya haɗa wa kwamfutar hannu madannai ta Bluetooth, kuma hakan na isar wa mai rubuta wasiƙa ko rahoto gajere. Sai dai Word da Excel na Android ba su da duk abubuwan da ke cikin na Windows, kuma manhajojin da ɗaliban zanen gine-gine, safiyo da kimiyyar noma ke koyo da su, kamar AutoCAD da SPSS, suna buƙatar cikakkiyar kwamfuta. Ƙaramar Celeron mai gigabait 4 ma da ƙyar take ɗaukar irinsu.

Batun jarrabawar JAMB na buƙatar a yi masa adalci, domin iyaye da dama na sayen kwamfuta saboda ita. Tun 2015 ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya a kan kwamfuta, kuma a yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Amma ba a buga dogon rubutu a cikinta: haruffan A, B, C da D ne na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Abin da yaro ke buƙata shi ne sabo, kada hannunsa ya yi rawa ranar farko da ya zauna gaban na'ura. Manhajar gwaji a waya tana koyar da tambayoyin, 'yan awanni a wata cibiyar kwamfuta kuma suna koyar da hannun. Gidan da kuɗin rajista ma sai an yi da gaske bai kamata ya ci bashi don wannan kaɗai ba.

Sabuwa mai rauni ko ta hannu mai ƙwari?

Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin waɗannan kaya ya tashi ƙwarai, kuma yana sauyawa da canjin dala, shi ya sa duk adadin da aka rubuta yau zai iya zama tsohon labari cikin wata guda. Abin da bai sauya ba shi ne zaɓin da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi: sabuwar ƙaramar kwamfuta ta roba, ko tsohuwar kwamfutar ofis da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook masu fuskar inci 12 ko 13.

Sabuwar tana da sauƙin nauyi, batirinta lafiyayye, kuma da yawa ba su da fanka, abin da ke rage shan ƙurar hunturu. Rauninta yana ciki: ƙwaƙwalwar aikinta da ma'adanarta galibi a like suke da allon injin, ba a ƙara su, ba a canza su. Mai gigabait 32 na ma'adana kan cika da sabunta Windows kaɗai. Ta hannun kuwa ta fi ƙarfi da juriyar jijjigar hanya, ana buɗe ta da sukudireba a canza mata batir, madannai ko ma'adana, kuma kayan gyaranta sun wadata a Jos, a Banex da ke Abuja da kasuwar Farm Centre ta Kano. Aibinta shi ne batir, wanda sau da yawa ya riga ya gaji, don haka a sa kuɗin sabo cikin lissafi tun farko. Ga wanda rubutu ne sana'arsa, ta hannun mai gigabait 8 da ma'adanar SSD ta fi cancanta, ko da ta ɗan fi nauyi.

Akwai wani sabon abin lura. Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, kuma Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 64 na ma'adana, da injin Intel na zubi na takwas ko wanda ya biyo bayansa a mafi yawan lokuta. Lambar farko bayan alamar i5 ko i7 (ko lambobi biyu na farko, daga zubi na goma zuwa sama) ita ke nuna zubin: i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida. Kwamfutocin da suka gaza wannan sharaɗi su ne ofisoshin ƙasashen waje ke zubarwa, kuma kasuwanninmu ne masaukinsu.

Kayan hannu suna zuwa da nasu tarkon. Chromebook ɗin da wata makaranta ta yi wa rajista a ƙasar waje na iya zuwa a kulle, ya ƙi karɓar adireshin sabon mai shi. Kowane samfuri kuma yana da ranar da Google zai daina sabunta shi. iPad ɗin da ke ɗaure da asusun iCloud na tsohon mai shi ba ya buɗuwa, haka ma kwamfutar hannu ta Android da aka goge ba tare da an cire asusun Google ba. Hanyar kauce wa duka ɗaya ce: a sa mai shago ya goge na'urar, mai saye ya shiga da asusunsa a nan take, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, domin kayan sata ma ta wannan ƙofa suke shigowa.

Damina da harshe

Kudancin Kaduna ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma damina tana zuwa da tsawa. Kwamfutar da aka bari a jone lokacin hadari, ko lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi, cajarta ce kan fara ƙonewa, wani lokaci har da allon injin. Ga mai hawa babur, jakar leda mai zif a cikin jakar baya ta fi kowace kwalliya amfani. Kwamfutar hannu kuma fuskarta ce rayuwarta. Idan ta fashe, canjin na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin da aka saye ta, kuma ba kowane samfuri ake samun fuskarsa a kusa ba.

Wani fanni da waya ta sha gaban kwamfuta, wanda masu fassara da marubuta suka fi kowa sani, shi ne haruffa. Madannan Gboard na Android suna da Hausa, ana samun ƙ, ɗ da ɓ cikin sauƙi. A Windows ma akwai tsarin madannan Hausa, amma sai an shiga saiti an ƙara shi, kuma ba a zana haruffan a kan maɓallan ba, sai mutum ya haddace wurarensu. Masu rubutu da harshen Tyap, wanda ya samu nasa shafin Wikipedia a 2022, suna da ƙarin aiki saboda wasulan da ake ja wa layi a ƙasa, irin su a̱ da i̱, waɗanda ba kowane salon rubutu ke nuna su daidai ba. Duk mai niyyar yin irin wannan aiki da na'urarsa, ya buga jimla ɗaya da harshensa a shagon, ya tura wa wani ya ga yadda ta fito, kafin ya ƙirga kuɗi.