Iyakar Bagudo da Fasa-Ƙwauri

A shekarar 1898 Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar Bargu. Illo, wadda ke cikin ƙasar Bagudo yau, ta faɗo hannun Ingila. Yamma da ita kuwa ta zama Dahomey, wato Benin ta yanzu. Amma iyaka ba ta raba dangi da kasuwanninsu ba. Fataucin da aka gada kaka da kakanni, in ba a biya kuɗin fito ba, sai ya koma fasa-ƙwauri. Daga baya shinkafa ta riƙa shigowa a ɓoye, man fetur yana fita. A 2019 Gwamnati ta rufe iyaka, shinkafa ta yi tsada, talaka ya ji jiki. Muddin farashi ya bambanta, ba a rasa mai bin ɓarauniyar hanya.